Malamin makaranta ne ni, ina son komawa aikin gini, wace sana'a zan koya?

Malam_Lissafi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kuma ina roƙon wanda zai amsa ya zama ya san harkar da hannunsa, ba wanda ya ji a majalisa ba.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi a nan Kano, shekara 11 kenan ina riƙe da alli. Shekarata 37, ina da NCE, ina da mata da yara 3, na huɗu yana hanya. Albashina dubu 45 ne, shi ma sai wata ya yi kwana goma ake ba mu, in an yi dogon hutu kuwa rabi ake biya wai ai ba ma aiki. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafin ya ƙwace min, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane lissafi, kuɗin adaidaita sahu kaɗai ya isa ya sa mutum hawan jini. Mafi ƙarancin albashin nan na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 kuwa mu a rediyo muka ji shi.

Abin da ya tayar min da maganar, kwanaki ana gini a layinmu sai na ga wani yaro da na koyar a aji 2 na ƙaramar sakandare, yaron da sai da na yi da gaske kafin ya haddace sau bakwai, ya zo a sabon babur shi ne mai yin POP, wato adon silin, na gidan har da yaransa 2. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, da zai tafi ya dunƙula min dubu 5 ya ce Malam a sha ruwa. Na yi masa addu'a har zuciyata wallahi, amma daren nan ban yi barci ba.

Yanzu na ɗauki adashi, ina da dubu 350 a hannu kuma ba na so ta narke a cefane. Birkila dai na cire shi, bayana ba zai ɗauki bulo mai inci 9 ba. Abin da nake juyawa a raina guda 4 ne, tayil, POP, wayarin haɗe da sola, sai aikin famfo. Wanne ne mutum mai shekaruna zai iya koya ya fara samun na cefane kafin yunwa ta kore shi? In je makarantar koyon sana'a ko in nemi oga in zauna a ƙarƙashinsa? Kuma in ajiye koyarwar gaba ɗaya ko yaya?

MaiTayil_Kurna

Wa alaikumussalam Malam. Ni tayil nake yi shekara 14 kenan, toh bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, kar ka kuskura ka ajiye aikinka yanzu, kar ka saki reshe ka kama ganye. Dubu 45 ɗin nan da kake rainawa sai ka rasa ta zaka san kuɗi ce. Duk sana'ar da ka lissafa wata 6 na farko ba abinda zaka samu sai kuɗin abinci da na mota in oganka mai tausayi ne, kuma ba tayil zaka fara ɗorawa ba, kwaɓa siminti zaka yi, ka jiƙa tayil a ruwa, ka ɗauki katan a ka ka hau bene dashi, ka share ɗaki in an gama.

Amma in ka jure tayil sana'a ce mai rufin asiri kuma kayan aikin basu da yawa, abin yanka, giranda, lebul, gudumar roba, cokali, igiya da tef, kuɗin hannunka zasu saya har ka samu canji. Kuma kai kana da abinda yawancinmu bamu dashi wato lissafi. Mu da sikwaya mita ake biyanmu, kuma wlh akwai masu shekara 10 a harkar da in kace su auna ɗaki su faɗi katan nawa zai ci sai dai su yi kirdado. Misali tayil 60 da 60 guda 4 ne a katan, mita 1.44 kenan, ɗaki mai ƙafa 12 da 12 bai kai mita 13 da rabi ba, kaga katan 10 kenan, in ka sa na gefen bango da wanda zai karye wajen yanka kace 11. Kai wannan a tsaye zaka yi shi. Mai gida yana son wanda zai faɗa masa adadi ya tafi kasuwa sau ɗaya, ba a dawo masa ana cewa saura katan 2 ya koma ya tarar kalar ta ƙare ba.

Kaga mutanen Togo da Kwatano da manya suke ɗaukowa musamman a Abuja, ba wani asiri garesu ba, haƙuri ne kawai, mutum zai ɓata rabin yini yana fitar da lebul kafin ya ɗora ko guda ɗaya, mu kuma namu yaran so suke su gama falo kafin la'asar su karɓi kuɗi, bayan wata 3 ka ƙwanƙwasa tayil ɗin kaji yana amo kamar ganga saboda ƙasansa ba siminti, ko banɗaki ruwa ya ƙi bin magudana ya taho ɗaki.

Illarsa kuma bazan ɓoye maka ba. Yini zaka yi a tsugune, ni yanzu in na daɗe a sujada sai na dafa ƙasa nake tashi, ga ƙurar giranda da take shiga ƙirji in baka sa takunkumi ba. Sannan mu ne 'yan ƙarshe a gini, kafin a zo kanmu rodi da siminti da kwano sun cinye mai gida, shi yasa cikon kuɗinmu yake maƙalewa, kaje karɓa ace Alhaji yayi tafiya. POP kuwa shawarata ka barwa yara, a kan katako ake yinsa kai a ɗage tun safe, kuma abin yana daskarewa cikin 'yan mintuna dole hannunka yayi sauri, wuyan ɗan shekara 37 ba irin na yaron da ka koyar bane.

Abba_Smart

Malam ka kama POP kawai wlh shine ake yayi, duk gidan da ake ginawa yanzu sai an saka. ko kuma ka koyi koma menene na wata 3 kayi passport ka fita Libya ko Saudiyya, can ne kudi suke ba nan ba

Injiniya_Ba_Digiri

Abba yayi ai shi ne matsalar. Muna yara silin asbestos ake sawa, aka koma PVC, aka zo POP, yanzu ma ga masu kuɗi sun fara komawa allon jifsom. Mai iyali ba ya ɗora tukunyarsa a kan yayi.

Malam ni wayarin nake da sola, kuma nima ba da ita na tashi ba, shago nake da shi ya karye ina da shekara 31 na koma yaron wani. Abin da nake so ka duba shi ne, sana'o'in gini kashi biyu ne, akwai wadda sai ana sabon gini ake nemanka, akwai wadda ko an daina gini gaba ɗaya ana nemanka. Ka tuna farkon 2024 da buhun siminti ya haura dubu 10, zagaya bayan gari ka ga gine-ginen da suka tsaya a linta ciyawa ta fito a ciki, masu tayil da POP da fenti da yawa zaman benci suka yi. Amma wuta da ruwa kullum cikin lalacewa suke, soket zai ƙone, fanka za ta tsaya, sumo, injin cikin rijiyar burtsatse, zai ƙi jan ruwa, kuma ba mai cewa bari sai siminti ya sauka.

Sola kuma ka ga yadda ta buɗe. Tunda mai ya yi tsada janareta ya zama ado a gidaje da yawa, aka zo watan Afrilun 2024 aka mayar da 'yan Band A, rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, sannan ga duhun da Arewa ta shiga a watan Oktoba na shekarar sama da mako guda, a lokacin ko barcin kirki ba ma yi saboda kira. Mai kemis, mai cajin waya, mai sayar da ruwan sanyi, masallatai, masu rijiyar burtsatse, kowa so yake a haɗa masa.

Kuma a nan ne karatunka zai yi maka rana fiye da ko'ina. Yawancin ɓarnar da muke zuwa gyarawa rashin lissafi ne. Wat dai bolt ne sau amfiya, shi kenan, amma sai ka ga an ja wa AC waya mai kaurin 1.5 wadda ta fitila ce, alhali soket 2.5 ake sa masa, AC da hita gara ka ba su 4, murhun girki na lantarki 6. Ko a sayo waya ta bogi wadda cikinta ba jan ƙarfe ba ne an dai shafa mata kala, ta yi zafi a cikin bango, gobe ka ji an ce gobara ta tashi daga wutar lantarki. A sola ma haka, mutum zai sayar wa Alhaji inbata da batir bai tambaye shi firij nawa gare shi ba, awa nawa yake so ya kwana da fanka, ƙarfe 2 na dare abu ya ɗauke a ce sola ƙarya ce. Kai wannan lissafin a mako 2 za ka haddace, har ka riƙa rubuta wa oganka kotashan, wato lissafin kuɗin kaya da na aiki, kuma daga ranar da ka fara rubuta masa kotashan ka wuce yaron aike.

Sai dai fa ka sani, wannan sana'a kuskurenta ba a gyara shi da guduma. Mai tayil in ya yi kuskure a fasa a sake, mu in ka yi kuskure sai dai a yi maka salla, ko ka ƙona gidan mutane da yaransu a ciki. Kar ka yarda da masu cewa kwas ɗin sola na mako 2 ka zama injiniya, ka fara iya wayarin na gida tukuna, ka san yadda ake raba layi a DB wato akwatin rarraba wutar gida, yadda ake kafa ƙarfen at da ake binnewa a ƙasa don kariya daga shokin, yadda ake haɗa canji-oba mai sauya wuta tsakanin NEPA da janareta ko sola, kafin ka hau kwano da fanel. Shekara ɗaya da rabi zuwa 2 ka sa a ranka. Farkon kuma ba daɗi, sassaƙa bango za ka yi da guduma da kurfi ana binne fayif, hannunka mai riƙe alli sai ya yi kanta.

Maganar makaranta ko oga, ni dai oga na ce, don aiki a sait ake koyonsa. Takarda kuma ka neme ta daga baya, akwai Trade Test na ma'aikatar ƙwadago, daga mataki na 3 ake farawa a je na 2 a ƙare a na 1, akwai kuma satifiket ɗin NEMSA, hukumar duba ingancin aikin lantarki, na masu wayarin in kana so wata rana ka karɓi aikin gwamnati ko na kamfani. Ka riƙa leƙa ofishin NDE da ITF ma, hukumomin gwamnati masu horar da sana'a, sukan buɗe shirin koyon sana'a lokaci-lokaci, in ka dace ka dace, amma kar ka zauna jiransu.

Maman_Ilham

Salam. Ni ba mai sana'a ba ce, amma na gina gida da kuɗin fanshon maigidana Allah ya ji ƙansa, shekara 4 ina fama da masu aiki, don haka bari in faɗa maka yadda mu masu biya muke gani.

Duk kun tsallake famfo, kuma na san dalili, kowa yana ƙyamar a ce masa mai gyaran masai. To wallahi a duk waɗanda suka yi min aiki babu wanda nake nema har yau kamar mai famfo. Mai tayil tunda ya gama ban ƙara ganinsa ba, mai POP ko lambarsa ba ni da ita, amma mai famfo a shekarar nan kaɗai ya zo sau 5, tanki yana yoyo, kan famfon kicin ya mutu, banɗakin baƙi ya toshe ana saura kwana 2 biki, a ranar ko nawa ya ce ba zan yi ciniki ba. Kuma nagari wahalar samu yake. Na farkon da na ɗauka ya binne fayif bai gwada da ruwa ba aka yi filasta aka sa tayil, bayan wata 2 bango ya fara jiƙa fenti yana ɓarewa, sai da aka fasa banɗaki guda, tayil ɗin da na saya a Kofar Ruwa da tsada ya tafi a banza.

Abu na biyu Malam, shekarunka da kake gani kamar cikas, a wurinmu mata riba ce. Aikin gyara cikin gida ake shiga, har uwar ɗaka, har banɗakin matar gida, kuma galibi da rana maigida ba ya nan. Wane magidanci ne zai so saurayi ɗan shekara 20 da askin banza yana shiga masa gida yana kalle-kalle? Amma a ce ai Malam ne, wanda ya koyar da su Ilham, mai iyali, wallahi har makulli za a bar maka. Iyayen yaran da ka koyar shekara 11 su ne kwastomominka na farko, kar ka ji kunyar su sani. Mu mata a gidan biki da islamiyya muke ba juna lambar masu aiki, in ɗaya ta yaba ka layin gaba ɗaya ka samu.

Abin da zan roƙe ka kawai, in ka ce ƙarfe 10 ka zo ƙarfe 10, in an ba ka kuɗin kaya ka kawo rasit da canji. Wannan kaɗai.

Ɗan_Damagaram

Gaisuwa daga Nijar. Abba da ka ce a koyi abu wata 3 a hita, ni na yi wannan tahiya, shekara 2 na yi a Tamanrasset ta Aljeriya ina aikin shantiye, wato gini. Wanda ya je ba sana'a a hannunshi kwaɓa da ɗaukar bulo zai yi har ya gaji, wanda ya iya karo, wato tayil, ko aikin ruwa da gaske shi ne ake ba jika mai yawa, kuma a rana ɗaya ake gane wanda ya iya, ba a tambayar takarda, ɗaki za a nuna maka. Bayan haka in ba ka da takardun zama kullum cikin ɓuya kake, mu kwashe mu aka yi aka zube kusa da iyaka muka taka da ƙafa har Assamaka ta Nijar, kuɗina na wata 2 suna hannun mai aikin har yau. Malam yana da mata da ciki, ku bar shi ya koya a gida.

MaiTayil_Kurna

Injiniya naji ka ce munyi zaman benci, gsky ne bazan musa ba hhh, amma ka faɗa masa kuma cewa masu sola yanzu sun fi masu shayi yawa, duk wanda ya kalli bidiyo 3 a YouTube ya buga kati ya zama injiniya. Hajiya kuwa ta faɗi gaskiya akan famfo, ni kaina da za'a dawo da baya da na haɗa da ita, don injin ɗumama fayif ɗin ruwa na PPR da sifana da abin yanka basu kai kuɗin giranda mai kyau da abin yankan tayil ba.

Abu ɗaya da ba wanda ya taɓo Malam, oganka zai iya zama ƙaninka na bayan baya, zai ce Malam miƙo min wancan, Malam jeka siyo mana fiya wata, a gaban lebura. Na taɓa karɓar wani mai digiri, kwana 9 yayi, ranar da nace ya wanke kwanon sarki bai dawo ba. Ka tambayi zuciyarka wannan tun kafin ka kashe ko sisi.

Malam_Lissafi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, Hajiya Allah ya ji ƙan maigida ya sa ya huta. Na karanta wa uwargida duka jiya da daddare, ta ce ita dai ba ta yarda a taɓa koyarwar ba sai ta haihu an yi suna, kun ga bakinku ya zo ɗaya da Mai Tayil.

Maganar girman kai kuwa, wanda mai makaranta ya tsayar a gaban ɗalibai ya yi masa faɗa saboda lattin minti 5, sayo fiya wata ba zai kashe shi ba.

Ga inda na tsaya. POP na ajiye, tayil ma gwiwata ta ce a gaishe ku. Akwai wani bawan Allah da muke sallar asuba tare, yana wayarin kuma yana haɗa sumo da tanki a gidaje, na same shi yau bayan an idar, ya yi dariya ya ɗauka wasa nake, da ya ga da gaske nake ya ce in fara binsa Asabar da Lahadi, in an tashi makaranta ƙarfe 2 kuma in yana da aiki kusa in same shi. In an yi dogon hutu a ƙarshen Yuli sai in bi shi kullum har Satumba, daga nan zan san ko jikina zai ɗauka. Bai nemi kuɗin koyo ba, ya ce dai kar in zo masa da takalmi sau ciki. Dubu 350 ɗin na ba yayana ya riƙe min don in tana hannuna kun san sauran.

Injiniya, ranar Asabar ɗin nan za mu fara, wani gida ne a Rijiyar Zaki za a binne fayif. Me ya kamata in saya in tafi da shi? Na ga ana sayar da mita ta gwada wuta a Sabon Gari, in saya tun yanzu?

Injiniya_Ba_Digiri

Kar ka sayi mita tukuna, ba abin da za ka gwada a gidan da ko waya ba a ja ba. Testa ta aljihu da tef mai mita 5 sun ishe ka, sai safar hannu mai kauri da tabarau na roba saboda ɓarɓashin bulo yana tsalle ya shiga ido. Guduma da kurfi oganka yana da su, kuma kai zai miƙa wa. Ka sa tsofaffin kayan da uwargida ta haƙura da su, ka karya da abu mai nauyi, ka kuma tafi da littafi da biro ka riƙa zana inda kowane fayif ya bi kafin a rufe shi da filasta.